Ƙwallo Ɗaya, Koci Ɗari

Mu dai a nan yammacin Kano, tun daga Garo da Kabo har Getso da Kutama da Lakwaya da cikin garin Gwarzo, abu uku ne ba a koya mana su, da su ake haifar mu: noman dawa, lissafin siyasa, da horar da 'yan ƙwallo. Na farkon yana cin gumi, na biyun yana cin zumunci, na ukun kuwa kyauta ne, baki kawai yake so da benci. Shi ya sa muka fi yawa a cikinsa.

In kana so ka gani da idonka, ka zo teburin mai shayinmu washegarin ranar da aka ci makarantar sakandarenmu. Wurin zama ma sai ka yi sa'a. Tela ya bar ɗinkin mutane, mai faci ya bar tayar wani a cikin ruwa, Baba mai ritaya ya jingine sandarsa, kowa ya zo da tsarin da ya kamata a ce an bi. A ciki har da waɗanda ba su leƙa filin ba, kuma su suka fi ɗaga murya. Mutum ɗaya ne ba ya zuwa shan shayi ran nan, shi ne Malam Gemis, wanda ya sha ranar.

Ai sarautar gemis masta a wurinmu ba neman ta ake ba, faɗo wa mutum take yi. In makaranta ta yi dace da malamin da ya karanci ilimin motsa jiki a kwaleji, to madalla. In babu, sai firinsifal ya leƙa ɗakin malamai ya duba wanda bai ajiye tumbi ba, ko wanda ya taɓa yin kuskuren zuwa aiki da takalmin kambas. Namu malamin lissafi ne, kambas ɗin ne ya ja masa. Ranar da aka naɗa shi aka damƙa masa kayan sarauta: usur mai igiyar takalmi, famfo marar allura, jesi goma sha uku, biyu a ciki lamba 7 ne, lamba 4 kuwa babu ita ko a tarihi, sai ƙwallo ɗaya da ta sha faci har mai facin yana tambayar lafiyarta. Ita ma ba a hannunsa take kwana ba. Tana ofishin firinsifal, cikin kabad ɗin takardun jarrabawa. In Yallaɓai ya tafi taro Kano da mukulli a aljihu, atisayen ranar gudu ne da tsallen kwaɗo.

Ni malamin Hausa ne, amma da yake ni ne abokin Malam Gemis, sai na zama lasman na dindindin. Tutata hankici ne, in na manta shi a gida in karyo reshen darbejiya.

Filin namu kuma mu uku muke da shi: mu, da shanun da suka mai da tsakiyarsa burtali, da maigadin makaranta da ke shuka gyaɗa a kusurwar gabas duk damina. Saboda haka daga watan Yuni zuwa kaka, ba a bugun kwana ta wannan ɓangaren sai da izini. Layi da toka muke ja. Tsidau da ƙarangiya kuwa su ne 'yan bayanmu na asali, baƙon da ya zo da ƙafa ba takalmi su suke fara tare shi kafin yaranmu su iso. Littafi ya ce faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta 2.44, wurin bugun fenariti kuma mita 11 daga layi. Mu da taku muke awo. Fenariti taku goma sha biyu ne, kowa ya yarda da wannan. Inda ake rigima shi ne wa zai taka. In mu za mu buga, akwai wani gajeren malamin tarihi da muke turawa. In mu za a buga wa, sai mu nemo dogon nan na ɗakin gwaje-gwaje. Ragar kuma turaku biyu ne da igiya a sama, ba zare a baya, don haka duk ƙwallon da ta wuce da ƙarfi sai an yi mata shari'a: ta ciki ta bi, ko ta waje? An taɓa tsayar da wasa kusan rabin awa ana jiran hukuncin wata mai tallan gyaɗa, don ita kaɗai ce ke tsaye a bayan gola.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ranar muke fafewa, wani lokacin ma a cikin mota. Takardar gasa takan iso daga ofishin shiyya ranar Litinin, wasa ranar Alhamis. Sai ka ga Malam Gemis yana bin aji-aji yana tambaya wa ya iya. Kowa ya iya. Da ya ce wa zai tsaya gola, sai ajin ya yi tsit kamar an ce wa ya fasa tagar ofis. Duk yaron garin nan lamba 9 ne ko lamba 10, gola kuwa sai a ba wanda ya fi kowa jiki, a ce ai zai cika ragar.

Kuma kada ka ga laifin yaran. Yaron da aka tashi daga makaranta da azahar, da la'asar yana Islamiyya, in damina ce yana gona, in rani ne yana shagon yayansa ko yana kan babur yana neman na sabulu, yaushe ya ga lokacin atisaye? Ranar kasuwar Getso kuwa kada ma ka busa usur, rabin 'yan wasanka suna can suna auna hatsi ko suna riƙe da igiyar akuya. Ƙarfi dai akwai shi. Yaron da ya yi huɗa tun hantsi ba minti 90 ne zai gajiyar da shi ba. Abin da ya gagare mu shi ne miƙa wa ɗan'uwa. Ƙwallo ɗaya ce a makarantar, yaro ya yi sati bai taɓa ta ba, yau ta zo ƙafarsa, ka ce ya ba wani? Sai ya yanke mutum uku, ya dawo ya sake yanke na farkon don kada ya manta.

An taɓa turo mana wani ɗan bautar ƙasa daga kudu, yaron kirki, ya zo da himma. Ya tara yaran a aji, ya zana fili a allo, ya jera musu 4-4-2, ya yi kibiyoyi har alli ya ƙare. Yara suka ce sun gane. Aka fita, aka busa usur, sai ga mutum ashirin sun dunƙule a kan ƙwallo kamar kaji an watsa musu tsaba, gololi biyu suna hango su daga nesa. Ya riƙe kai yana kiran sunan Ubangiji da yarensu. Baba mai ritaya ya dafa shi ya ce, "Yaro, haƙuri za ka yi. Wannan tsarin namu ya girmi naka."

Iyaye ma sun canza, sai dai canjin nasu da sharaɗi. A zamaninmu in aka kama ka kana tamaula, bulala ce a gida, a ce ka zama ɗan iska, ka yaga wandon makaranta, ka bar magariba ta wuce. Sai ga Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, kakar 2009 zuwa 2010, ya wuce Turai, ya dawo ya gina wurin wasanni da gidan mai a Kano. Tun daga nan uban da ke fasa ƙwallo da wuƙa ya fara tare Malam Gemis a hanyar masallaci: "Malam, yaron nan nawa kuwa yana da ƙafa? A duba mini shi." In ka ce yana da ita, amma yana buƙatar takalmi, sai ya ce ai Pele ma da ƙafa ya fara. Shi ya sa har gobe za ka ga yara biyu sun raba but ɗaya, mai bugu da dama ya ɗauki na dama, bahago ya ɗauki na hagu, kowa ya ji daɗi.

Ranar wasa kuwa sallah ce. A ɗauko akori-kura, 'yan wasa a tsakiya, 'yan rakiya a gefe, masu ganguna da galan a kan rufi. A zuba wa kowane yaro garin gulukos a tafin hannu ya lashe, ya ji kamar an sa masa sabon batir. Ga rake, ga lemu, ga man zafi wanda shi ne maganin komai tun daga targaɗe har ciwon ciki. Akwai kuma ruwan tofi a jarka, wanda ba a rubuta shi a kasafi amma ba a taɓa mantawa da shi ba. Su ma abokan karawar da nasu, don haka sai tofi ya kashe tofi a koma ga ƙafa.

Da an take wasa sai kocin ɗari su kama aiki. "Buga gaba!" "Share ta!" "Kai, ba shi mana, gadon gidanku ce?" Tela yana cewa a ɗaga, mai faci yana cewa a kwantar, yaro ya rasa ta wa zai bi sai ya buga ta cikin gyaɗar maigadi. Baba mai ritaya kuwa har yau ihunsa ɗaya ne: "Mayar wa gola ya kama!" An gaya masa tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Ya ce shi ba a yi shawara da shi ba. Muryar Malam Gemis, wanda ya san sunan kowane yaro da abin da ya karya da shi da safe, ita ce kaɗai ba a ji.

Duk wannan wasa ne in ba da mutanen Kabo za a kara ba. Mu da su kujera ɗaya muke rabawa a majalisar wakilai, titi ɗaya muke bi zuwa Kano, mun auri juna har an daina ƙirga. Ni kaina uwata daga can take, kuma taubashina, ɗan kawuna, direban bas ne a hanyar, duk ya sauke fasinja sai ya biyo ya sha shayi a asusuna. Bai taɓa zama bai tsokane ni ba. "Ɗan Gwaggo, ku fa gwarzontakarku a allon bakin titi ta tsaya." Tun da kulob ɗin Sanata Barau Jibrin, ɗan ƙasar Kabo, ya hau babbar gasar Najeriya a 2025, ya zauna aji ɗaya da Pillars mai kofi huɗu, ba mu ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ka ce taubashin nawa ne ya ci ƙwallayen.

To, a kan wasa da wata makaranta ta ɓangarensu ne muka yi abin da har yau in na tuna sai in yi dariya, in kuma ji dariyar ta tsaya mini a wuya.

Majalisar mai shayi ce ta zauna ta yanke cewa wannan wasan ba na yara ba ne. Aka matsa wa Malam Gemis sai ya ɗauki sojan haya. Akwai wani mai gyaran babur a bakin tasha, lamba 9 ne a kulob ɗin gari, in ya buga ƙwallo har tausayin gola kake ji. Aka kai shi wurin wanzami aka kwashe gemu, aka nemo masa rigar makaranta mafi girma, aka ba shi sunan wani yaro ɗan SS2 ya haddace. Shi yaron, mai sunan, shi ne ainihin lamba 9 ɗinmu, siriri ne, bai taɓa fashin atisaye ba. Aka ce masa ya yi haƙuri, don martabar makaranta ne.

Muna sauka daga mota muka hango lamba 5 ɗinsu, kafaɗa kamar ta mai sauke buhu a kasuwar Getso. Da muka matsa kusa, ashe shi ɗin ne. Malam Gemis ya ruga wurin rafali yana ƙorafi, sai ya tarar da nasu malamin ya riga shi, yana nuna namu. Kura ta ce da kare maye. Rafali ya kira namu.

"Kai, wane aji kake?"

"SS2, Yallaɓai."

"SS2 me?"

"Eh, shi."

"Wa yake koya muku Turanci?"

Ya waiga ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna ni. Ni da ko a mafarki ban taɓa shiga aji da Turanci ba. Ana cikin haka sai lamba 5 ɗinsu ya matso ya ɗan rusuna ya ce, "Maigida, ina wuni? Babur ɗin nawa kuwa ya tashi?" Namu ya ce, "Sai an canza fulogi, ka biyo gobe." Rafali ya dubi wannan malami, ya dubi wancan, ya ce ko duka su fita ko duka su shiga. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta: duka suka shiga. Aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, makanikenmu ne ya ci mana.

Taubashina har yau yana rantsuwa wai da aka tafi hutun rabin lokaci wata yarinya ta shigo fili ta ce wa namu, "Baba, Umma ta ce kuɗin cefane." Wannan ƙarya ce. Kowace makaranta a jihar nan ta ce a kan abokiyar karawarta aka yi wannan. Abin da na gani da idona daban ne. Yaron nan mai sunan yana zaune a bakin layi, kusa da inda nake ɗaga hankici, yana riƙe wa makanike wayarsa da mukullan shago. Ranar Litinin a asambuli firinsifal ya karanta rahoton wasa, ya kira sunan wanda ya ci mana ƙwallo, ya ce ya fito. Yaron ya fito. Makaranta duka ta tafa masa, kowa kuma ya san gaskiya. Bai ɗaga kai ba har aka gama. Bai sake zuwa atisaye ba.

Malam Gemis bai ce wa kowa komai ba. Da shekara ta zagayo aka sake haɗa mu da su, majalisa ta aika masa da sunaye uku, ya mayar. Ya tafi da 'yan makaranta zalla, waɗanda sunansu ke cikin rajista kuma fuskarsu ta yi daidai da sunan. Aka lallasa mu biyar da nema.

Washegari teburin mai shayi ya cika har titi. Ana cikin yanka shi ana gasawa, sai ga shi ya yi sallama, ya ja benci ya zauna, ya ce a haɗa masa mai kauri. Wuri ya yi shiru. Tela ne ya fara farfaɗowa.

"Malam, ka kunyata gari."

"Alhaji, garin ne ya buga?"

"To ai kowa yana yi! Su ba su sa ba?"

"Sun sa biyu. Na gaishe su, ɗaya ma ajinmu ɗaya a firamare."

Baba mai ritaya ya gyara zama ya ce ai ƙasar ma gaba ɗaya da wayo take cin kofi. Malam ya ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, bari mu yi lissafi, tunda shi aka ɗauke ni koyarwa." Ya lissafo musu kofin duniya na yara da Najeriya ta ci sau biyar, 1985 a Chaina, 1993, 2007, 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai mu, kuma kyaftin ɗin 2013, Musa Muhammed, ɗan Kano ne. Kowa ya gyaɗa kai. Ya ce to a gasar 2009, wadda aka yi a ƙasar nan har aka buga wasu wasannin a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, FIFA ta shigo da na'urar ɗaukar hoton wuyan hannu. Akwai wani wuri a ƙashin da ba ya gama haɗewa sai yaro ya gama girma, na'urar tana gani, kuma ba ruwanta da aikin wanzami. A 2016 ta tankaɗe fiye da ashirin daga cikin yaran da aka tara, aka tafi da ragowar, Nijar ta fitar da mu tun a wasan share fage.

"Su can na'ura ta kama su," in ji shi. "Mu nan wa zai kama mu? Ni na koyar da yaron nan lissafi, ni kuma na koya masa cewa in abu ya yi tsanani a nemo wani ya zauna a sunanka. Gobe in ya nemo wanda zai rubuta masa NECO, da wane bakin zan yi masa faɗa? Kuma in ana neman yara na gaske, irin waɗanda ake tarawa a Kano gasar Ramat, wa za mu tura? Mai gyaran babur?"

Ba wanda ya amsa. Mai shayi ya yi ta juya cokali a kofin da babu komai a ciki.

Sai Malam ya cire hularsa ya ajiye a tsakiyar tebur. Ya ce yaran nan biyar aka ci su don sati guda suka yi atisaye da ƙwallo ɗaya. In akwai ƙwallo uku, aka bar masa su yamma biyu a mako, shekara mai zuwa ko an ci mu ba za a kai biyar ba. Ya ce ba da yawa yake nema ba, kowa ya sa abin da yake biya a gidan kallo ranar da Arsenal ko Barcelona ke wasa.

Ban taɓa ganin majalisa ta watse da sauri haka ba, ko ranar da hadari ya taso. Tela ya tuna da kayan amarya. Mai faci ya tuna da tayar da ya bari a ruwa. Baba ya ce fansho bai shigo ba, amma yana tare da mu a addu'a. Mai shayi ya sa nasa, ya kuma yafe kuɗin mai kaurin. Na sa nawa. Taubashina ya laluba aljihu ya jefa 'yan canjin fasinja, ya ce, "Ungo, Ɗan Gwaggo. Ba don Allah na ba ku ba, na gaji da cin ku kuna kawo hujja." Da aka ƙirga, kuɗin bai kai na sabuwar ƙwallo ba, amma ya isa a yi wa tsohuwar faci, a sayi allurar famfo, har da canjin fiya wata.

Ranar Talata da la'asar sakaliya Malam ya fito da yaransa. Ya raba su gida huɗu, ya ce ba mai taɓa ƙwallo fiye da sau biyu kafin ya miƙa. Yaron nan siriri, wanda yanzu yake SS3, na hango shi a gindin darbejiya yana kallo, hannu a aljihu. Malam bai kira shi ba, ya dai gangara ƙwallon ta wajensa kamar kuskure. Ya tare ta da ƙafar hagu.

Kafin a yi minti goma bakin fili ya cika. Duk waɗanda suka watse ran nan sun dawo, ba wanda ya yi fashi. Tela yana gaba, babbar riga a kafaɗa, yana ta doka ihu: "Buga gaba! Wane irin miƙe-miƙe ne wannan? Malam, ba haka ake yi ba!"

Malam Gemis ya tsayar da wasa. Ya tako har bakin layi, ya cire usur daga wuyansa, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Bismilla, Alhaji."

Tela ya ja da baya, ya gyara hula.

"A'a, Malam, riƙe abinka. Ni daga nan na fi gani."